Guguwar da Ke Bin Bayan Jirgin Sama

Guguwar da kan tashi a fili da rani kowa na ganinta, domin ƙura da yayi su kan tona mata asiri, mutum ya kauce. Amma akwai wata wadda jirgin sama ke bari a bayansa, ita kuwa ba ta da ƙura, ido ba ya ganinta, sai wanda ya faɗa cikinta ya sani.

Asalinta ke nan. Abin da ke ɗauke da jirgi shi ne iskar ƙarƙashin fiffike ta fi ta bisansa ƙarfin tura. To, a bakin fiffiken sai ta ƙasa ta kewayo sama, ta murɗe kamar igiya. Ta haka kowane jirgi ya kan ja igiya biyu na iska a baya, ɗaya dama ɗaya hagu, suna juyawa suna nitsewa ƙasa sannu sannu, har su yi minti biyu ko uku ba su mutu ba. Gwargwadon nauyin jirgi da rashin saurinsa, gwargwadon ƙarfinsu. Shi ya sa wajen sauka abin ya fi muni, gama a sa'an nan ne jirage ke rage gudu, suna bin sawun juna kan layi guda, ga kuma ƙasa kusa.

Wani Baturen Ingila, Frederick Lanchester, ya bayyana wannan murɗawa a littafinsa tun 1907. Amma matuƙa sun daɗe suna ɗora laifin girgizar a kan iskar farfela, ba su ɗauke ta bakin kome ba. Sai da ƙaton jirgin nan Boeing 747 ya fara jigila a 1970 hukumar jiragen sama ta Amurka ta ware manyan jirage a aji guda, watau masu nauyin kamar tan 136 zuwa sama.

Ran 30 ga Mayu 1972, a wani filin jirgi kusa da Fort Worth a jihar Texas, jirgin kamfanin Delta ƙirar DC-9 yana koyon sauka, ba fasinja ciki. Gabansa da mil biyu da 'yan kai akwai wani babba, DC-10. Mai tsaron hasumiya ya yi gargaɗi a yi hankali da iska, amma bai hana su matsowa ba. Ƙaramin ya zo dab da ƙasa sai ya fara tangaɗi, fiffike ya doki ƙasa, ya kife, wuta ta kama. Mutum huɗu ne ciki, matuƙa uku da sufeton hukuma ɗaya, ba wanda ya fita. Abin da ya razana masana shi ne DC-9 ba ɗan tsako ba ne, jirgi ne mai ɗaukar mutane da yawa, a da kuwa ana zaton ƙanana kaɗai ke cikin haɗari. Daga nan aka ƙarfafa dokar rata, aka kai ga ƙa'idar da aka daɗe ana bi: babba bayan babba mil 4, matsakaici bayan babba mil 5, ƙarami mil 6, duk da awon milin teku. Aka kuma koya wa na baya ya bi ta bisa hanyar na gaba, ya dira gaba da inda wancan ya dira.

Sai dai awon nauyi kaɗai bai isa ba. Boeing 757 bai kai tan 136 ba, saboda haka ba a lissafa shi cikin manya ba, alhali guguwarsa ta fi ƙarfin ajinsa. A Disamba 1992 wani ƙaramin jirgi ya bi bayansa a Billings, ya faɗi, mutum 8 suka rasu. Shekara na kewayowa, ran 15 ga Disamba 1993, haka ta sake faruwa a Santa Ana ta Kalifoniya, mutum 5 suka tafi, cikinsu har da shugaban wani kamfanin sayar da abinci. Hukuma ta yi nawa a nan, ba shakka, don sai bayan waɗannan aka ware wa 757 doka tasa, aka ƙara ratar. Da za a fito da Airbus A380 a 2007, ba a jira haɗari ba, aka auna guguwarsa tun kafin ya ɗauki fasinja, aka buɗe masa aji sabo bisa na manya.

Ran 4 ga Nuwamba 2008 doka na nan, bin ta ne ya gagara. Wani ƙaramin jirgi, Learjet, yana bin Boeing 767 za su sauka a babban birnin Meziko. Aka umurci matuƙansa su rage gudu, suka yi jinkiri, ratar ta ragu ƙasa da mil 5. Jirgin ya juye ya faɗa kan titi da maraice, lokacin da mutane ke komawa gida daga aiki. Duk mutum 9 da ke ciki suka rasu, har da Ministan Harkokin Cikin Gida na ƙasar, Juan Camilo Mouriño, da waɗansu 7 da ke ƙasa.