Daga Kaset Zuwa Vokal: Tarihin Murya Da Ɗan Aikenta



Duk shekara in kamfanin Apple ya fitar da sabuwar iPhone, sai gardama ta kaure a fada. Wannan ya ce kamararta ta fi ta Samsung, wancan ya ce ƙarya ne. Ana ta shan shayi ana musu, alhali yawancinmu Tecno ce ko Itel a aljihu, wata ma gilashinta a fashe. Ba abin kunya ba ne. Mu dai a ganinmu, wanda yake son ya gane abin da waya ta yi mana, ba sai ya leƙa kamara ba. Ya waiwaya baya ya ga yadda saƙo yake tafiya a ƙasar nan tun zamanin iyayenmu. Zai tarar duk na'urar da ta samu karɓuwa wurin talakan Nijar, to murya take ɗauka.

Mu fara da wasiƙa. Magidanci ya tafi Abijan ko Ankara ko Ikko neman kuɗi, yana son ya gaida gida. In ya yi karatun allo sai ya rubuta da ajami. In bai yi ba, ya nemi mai rubutu a bakin gidan posta, ya faɗa masa da Hausa, shi kuma ya zuba da Faransanci yadda ya iya. Takarda ta yi makonni a hanya. In ta iso ƙauye sai a nemo ɗan lakkol ko malam ya karanta a zaure. Ke nan maganar miji da matarsa sai ta bi ta bakin mutum biyu kafin ta shiga kunnenta. Wane sirri ya rage? Shi ya sa wasiƙun lokacin ba su wuce gaisuwa da lissafi: ga manda na aiko, a sayi hatsi, a biya bashin wane, a gaida kowa da kowa.

Rediyo ce ta fara nuna mana cewa na'ura tana iya jin Hausa. An buɗe Rediyo Nijar a 1958, wadda daga baya ta koma Muryar Sahel. A 1962, zamanin Diori Hamani, aka kafa ƙungiyoyin masu sauraro da ake kira radio-club. Ma'aikata su shiga ƙauye da na'urar ɗaukar magana, su naɗi muryar manoma da makiyaya, a sa a rediyo, jama'a su taru da dare su saurara su tattauna. Tsoho wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba ya ji muryarsa tana fitowa daga akwati, ƙasa duka tana ji.

Da rediyo mai kaset ta yawaita a hannun ƴan ci-rani, sai wasiƙa ta samu kishiya. Waɗanda suka girma a ƙasar Adar ko Gobir ko Damagaram a shekarun 1980 da 1990 sun san wannan zama. A sayo sabon batir, a shimfiɗa tabarma bayan isha'i, a kori awaki. Maigida ya fara da sallama, ya jero gaisuwa, ya faɗi yadda damina ta yi da wanda ya rasu da wadda ta haihu. Sai tsohuwa ta matso ta ce, "Wane, kana jina? Mun ga saƙo, Allah shi yi albarka. Amma shekara ukku ke nan ba mu gan ka ba." Muryarta ta fara rawa, a danna maɓalli a tsayar. In an gama da manya, a ba amarya rediyon ta shiga ɗaki ta faɗi nata ita kaɗai.

To ga abin da muke so a riƙe. Kaset ba ya tafiya da ƙafarsa. Mutum ne yake kawo shi: direban da aka sani, ko ɗan gari da ya dawo gida. Kafin ma a sa kaset, an zaunar da shi an ba shi fura, ana tambaya. Ka gan shi da idonka? Ya rame ko ya yi ƙiba? Gaskiya ne ya samu aiki? In abin da ke cikin kaset ya saɓa da abin da ɗan aike ya gani, a nan za a gane. In kuma ɗan aiken ya yi ƙarya, an san gidan ubansa. Kowane saƙo yana da shaida mai fuska da suna.

Sannan aka shiga zamanin telesantir, ɗan ɗaki da wayar SONITEL da mita tana gudu. Mutumin ƙauye ya ɗauko hanya tun safe ya zo gari don an yi alkawari ɗansa zai kira ranar kasuwa. Wani lokaci ya wuni a benci ba a kira ba. In kai ne mai kira, ido ɗaya yana kan mita, gaisuwar da ake yi da tsawo sai a dunƙule ta.

Wayar salula ta shigo Nijar a 2001. Celtel, kamfanin da ɗan ƙasar Sudan Mo Ibrahim ya kafa, yana cikin na farko, ga SahelCom da Telecel. Sunaye sun yi ta sauyawa: Celtel ta koma Zain a 2008, ta koma Airtel a 2010, Telecel ta koma Moov, Orange ta zo a 2008, daga baya ta zama Zamani, a 2016 aka haɗe SONITEL da SahelCom suka zama Niger Telecom. Da farko sai alhazai da manyan ma'aikata ke rataya waya a ƙugu. Ba a daɗe ba Nokia mai tocila ta kai ƙauye, ta zama waya da rana, fitila da dare. Kowane gari yana da tudunsa ko itacensa da aka san nan ne ake samun rezo. Muka ƙware da bip: ka kira ka katse, mai kredi ya kira ka.

Amfanin abin ya fito fili a kasuwar hatsi. Wata masaniya ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da rezo yake bazuwa gari-gari. Ta gano cewa inda waya ta isa, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili a bayyane yake. Da can ɗan kasuwa sai ya hau mota ya je ya ga nawa ake sayar da buhu. Yanzu yana zaune a Maraɗi ya kira amininsa a Damagaram ko Ƙonni ya ji. Ku lura, wanda yake kira ɗin ya san shi, ya san muryarsa, sun taɓa ciniki.

Haka ma waƙa. Da kart memuwar da Bluetooth suka zo, samari suka riƙa tura wa juna waƙoƙi da wa'azi da finafinan Kano waya zuwa waya, ba intanet ba komai. Mdou Moctar, makaɗin gita ɗan jihar Tawa, ya naɗi waƙoƙinsa a Sakkwato a 2008. Ta cikin wayoyin jama'a suka zagaya Sahel, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsinto ɗaya a ciki ya fitar da ita a wani faifai a 2011. Yau duniya ta san shi.

Kwamfuta fa, wadda muke ce wa ordinatar? Ita ba ta yi wannan farin jini ba, kuma ba laifin kowa ba ne. Tana son kuran da ba ya yankewa, tana son wanda ya iya karatun boko, tana jin Faransanci ko Ingilishi. Sai ta tsaya a biro da jami'a da siber, inda ɗalibai ke biyan kuɗin awa. Har gobe muna cewa duk yaron da yake son sana'ar zamani ya koyi kwamfuta, don waya ba ta maye gurbinta wajen aiki. Amma ba ta taɓa shiga ɗakin tsohuwa ba.

Wadda ta shiga ɗakin tsohuwa ita ce WhatsApp. A 2013 aka ƙara mata saƙon murya, wanda muke kira vokal. Wayoyin Android masu sauƙin kuɗi kuma suka cika kasuwa, musamman na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, wanda ya gane abin da muke buƙata: gurbin layi biyu da batir mai jimiri. Nan take kaset ya dawo da sabuwar riga. Uwar da ba ta san bihim ba ta danna ta yi magana, ɗanta a Aljeriya ko Libiya ya ji kafin ta sauke hannu. Wallahi wannan ni'ima ce, duk wanda ya taɓa jiran kaset wata uku ya sani.

Sai dai kaset ya dawo ba tare da ɗan aikensa ba. Vokal yana faɗowa cikin guruf ba fuska ba suna. Wani ya ce shi likita ne, wani ya ce shi soja ne, wani ya rantse da idonsa ya gani. Mu kuwa an raine mu da girmama murya, musamman in ta fara da bisimilla ta ƙare da "don Allah a tura wa ƴan uwa". Maƙwabtanmu na Najeriya sun ɗanɗana a watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola. Saƙo ya bazu ta waya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi da dare suna yi, wasu suka kwanta asibiti, har aka yi asarar rai. Duk wanda ya tura, da niyyar taimako ya tura.

Mu ma a unguwarmu mun gani. Vokal ya shigo cewa mota ta kife da ƴan ci-rani a hanyar arewa, aka ambaci sunan wani yaro da garinsu. Kafin la'asar gidansu ya cika da mata, uwarsa ta suma. Da dare sai ga yaron ya kira, lafiyarsa lau, wayarsa ce ba caji. Aka yi ta bin sawun saƙon, kowa ya ce shi ma turo masa aka yi. Da zamanin kaset ne, da an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Hukuma ta gwada nata maganin. A 2019 aka yi dokar laifukan intanet, wadda ta hukunta yaɗa abin da zai tada hankalin jama'a, kuma ƴan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam sun yi ta kuka da yadda ake aiki da ita. A watan Fabrairu na 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, aka yanke intanet na waya wajen kwana goma. Jita-jita ta lafa a guruf, amma ciniki da zumunci su ma suka tsaya, kuma labari ya koma bin baki. Ga kuma sabon abu: yanzu akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum har ka rantse shi ne. Sanin murya kaɗai ya daina isa shaida.

Don haka mu ra'ayinmu, aikin ɗan aike ya dawo wuyan kowa. In vokal ya zo maka, yi masa tambayar da kakanninmu ke yi wa mai kawo kaset. Wa ya yi maganar? Yaushe, a wane gari? Kai da ka turo, ka san shi? In labarin mutuwa ne ko hatsari, kira dangi kafin ka tura. In magani ne, tambayi ma'aikacin asibiti. In murya ce ta ɗan uwa tana neman a aika kuɗi da gaggawa, katse ka kira lambarsa da ka sani. In ba a samu amsa ba, bar saƙon ya mutu a wayarka. Kuma vokal ɗin da mace ta yi wa mijinta, ko aboki ga aboki, amana ce kamar kaset ɗin amarya. Direbobin da ba su buɗe shi a hanya.

Batun wace waya za a saya kuwa, nemi mai riƙe caji, mai kama rezo a garinku, wadda mai gyara na kasuwa yake da kayanta. Sauran gardamar a bar wa fada da shayi.

Dattawan da suka yi zamanin kaset, muna jiran ku ba mu labarin wanda ya fi tsaya muku a rai. Allah shi kare mu da ɗaukar alhakin da ba mu sani ba, shi maido da matafiyanmu gida lafiya. Amin.