Matazu, Funtuwa, Malumfashi: Sunan gari ne ko sunan gida?

Mai karatu, duba bangon littafin da ke hannun ka, ko ka tsaya ka karanta sunayen da ke wucewa a ƙarshen fim. Za ka ci karo da Gidan Dabino, Mandawari, Malumfashi. Ko marigayi Ibro, ai Ɗanlasan da ake maƙala masa sunan ƙauyen su ne. To, yaushe gari ya zama sunan mutum?

A da can Bahaushe bai san sunan gida irin na Bature ba, wanda jika ke gada daga kaka. Sunan yanka ne, sai na uba, sai laƙabi ko sana'a: wane Maƙeri, wane Mai-goro. Da boko ya zo, aka tara yara daga garuruwa daban-daban a Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, sai ga Muhammadu da Abubakar rututu a aji ɗaya. Hanya mafi sauƙi ita ce a kira kowa da garin su. Haka Sardauna ya zama Ahmadu Raba a makaranta, haka aka samu Abubakar Tafawa Ɓalewa, daga baya kuma Shehu Shagari.

Wani sunan ya kama, ya zama na zuri'a. 'Yar'aduwa unguwa ce a birnin Katsina, amma daga Matawalle Musa ta bi Shehu, ta bi Umaru har fadar shugaban ƙasa a 2007.

Sai dai fa a nan mai binciken asali ke yin tuntuɓe. Bello Kagara mai Ganɗoki da Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja wa da ƙane ne, amma sunan ƙarshe bai nuna ba. Shata kuwa duniya ta san shi da Mamman Shata Katsina, alhali a Musawa aka haife shi, nan maƙwabtan Matazu. Haka nan mutum biyu za su amsa Matazu a Abuja, kamar yadda Farfesa Mansur Baƙo Matazu, tsohon shugaban hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, ke amsawa, amma ko kaka ba su haɗa ba. Abin da sunan ke faɗa maka shi ne inda wani ya taso ran da aka fara rubuta shi a rajista, shi ke nan.

Yau ga yara an haife su a Kaduna ko Legas, katin ɗan ƙasa ya liƙa masu Funtuwa, ba su taɓa ganin gonar auduga ba. Ka tambaye su sunan kakan baban su, sai shiru.

Saboda haka in ka na neman tushen gidan ku, kada takarda ta ruɗe ka. Je ka gida, ka durƙusa gaban Gwaggo ko Baffa, ka tambayi tsagar gidan ku, da sana'ar kakanni, da garin da aka baro kafin a zo nan. Ka tafi da biro da littafi, don tsofaffin nan ba jiran ka su ke yi ba.