DAGA FITO ZUWA FASFO: TARIHIN TSALLAKA IYAKA A IDON ƊAN TAMBUWAL

Gabatarwa

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, sun kuma ce tafiya mabuɗin ilmi. To, waɗannan maganganu biyu su ne suka kusa ja mini kwana a bakin iyaka. Ni haifaffen Tambuwal ne, mahaifiyata kuwa mutuniyar Kebbe ce, ina kuma da gwaggo da ke aure a Gaya, cikin Jamhuriyar Nijar. Tun da aka sake buɗe iyakar Kamba a watan Afrilu na 2022, sai na mai da zuwa wurinta al'ada. Da an ba mu hutu sai in bi ta Jega da Bunza in gangara, in gaishe ta, sa'an nan in wuce yawon buɗe ido. Na ga fadar Zarmakoi a Dosso, na kuma shiga gidan tarihi na Yamai.

A tafiyata ta biyar, farkon 2023, aka tsai da ni a wani shinge, ba zan faɗi ko na wace ƙasa ne ba. Jami'in ya yi ta juya takardata ta tafiya yana ƙirga hatimai, ya ɗago kai ya ce, "Malam, kai kuma? Me kake kaiwa, me kake ɗaukowa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibi ne ni, ziyara nake zuwa." Ya ce, "Ziyara sau biyar cikin wata goma? Koma can ka zauna." Na zauna kan benci har motarmu ta gaji da jira ta tafi, sai bayan la'asar aka miƙo mini takardata. Tun daga ranar, duk lokacin da na tunkari shinge sai gabana ya faɗi.

Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne bin diddigin wannan faɗuwar gaba. Yaya aka yi yawan zuwa, wanda a da shi ne shaidar mutumin kirki, ya zama abin zargi?

Zamanin Fatake

Da na ba kakana na Kebbe labari, dariya ya yi, ya ce, "Kai abokina, zamanin tsohona fuskar mutum ita af fasfo nai." Na ɗauka wasan jika da kaka ne, amma da na koma ga tarihi sai na iske maganar tasa tana da tushe.

Kada mai karatu ya zaci babu iyaka a ƙasarmu kafin zuwan Turawa. Tambuwal kanta garin bakin daga ce, domin a nan Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna yana tsaron wannan sashe na Daular Sakkwato. Bayan da Yakubu Nabame ya ta da tutar Kabi a Argungu a 1849, Arewa da Zabarma da Dandi suka mara masa baya, sai hanyoyin yamma suka zama na kasada. Ba a sami sararawa ba sai cikin shekarun 1860, lokacin da aka ƙulla sulhun nan da ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga. Wato iyakar wancan zamani ba layi ba ce da za a nuna da yatsa. Hali ne na yaƙi ko na amana tsakanin sarakuna, kuma takan matsa gaba ko baya gwargwadon inda dawakin kowa ke iya kaiwa.

Duk da haka fatauci bai tsaya ba. Jega, maƙwabciyarmu, ta zama babbar kasuwa a ƙarni na 19, inda ayarin masu zuwa Gwanja ke yada zango. Daga nan sai su nufi Kwara su ƙetare, su ratsa ƙasar Bargu, har su kai Salaga, su sayar da tufafi da jemammun fatu da kanwa, su ɗauko goro. Wasu kuma ba su yin nisa haka, Foga kawai suke zuwa ɗaukar gishiri, wato kwarin nan da ke arewa da Gaya, wanda Baturen Jamus Dokta Barth ya ratsa a 1853 ya kuma bayyana yadda ake dafa gishirinsa.

Su ma fatake ana tsai da su. A kowace ƙasa akwai garama da za a biya, a kowane kogi akwai kuɗin fito, ga kuma gaisuwar sarki. Amma abin lura shi ne, wa ke shan wuya a wurin? Baƙon da ba a taɓa gani ba. Shi kuwa madugun da ya shekara ashirin yana bin hanya, ya san sarki, sarki ya san shi, yana da fatoma a kowane zango wanda zai tsaya masa in magana ta taso. Da shi ake daidaita abin da ayari zai biya, albarkacinsa kuma ɗan koyo ke wucewa. A taƙaice, kowace tafiya ƙarin daraja ce ga matafiyi.

Yadda Aka Ja Layi

Layin da aka tsai da ni a kansa ba a ƙasarmu aka fara jansa ba. A ranar 5 ga Agusta 1890 Ingila da Faransa suka amince da wani layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, alhali a lokacin babu ɗayansu da ke mulkin ko da ƙauye guda a ƙasar Hausa. A ranar 14 ga Yuni 1898 suka sake zama a Faris. A wannan karo iyakar ta tashi daga Kwara ta bi tsakiyar Dallol Mauri, har ta haɗu da wata da'ira da aka zana mai nisan mil 100 daga tsakiyar birnin Sakkwato. Mai karatu ya duba wannan al'amari: an kafa tsinken alƙalami a kan Sakkwato shekara biyar kafin Turawa su ci birnin a watan Maris na 1903. Tambuwal da Kebbe sun faɗo cikin rabon Ingila ba tare da an tambayi kowa a cikinsu ba.

Faransawa ba su gamsu ba, domin da'irar ta tura su cikin ƙasar da ba ruwa, ba su da hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram. Saboda haka aka sake gyara a 1904 da 1906, aka tauye da'irar, Birnin Ƙonni ta koma hannun Faransa. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamu, aka sa hannu a kan aikinsu a 1910. Ashe ke nan ƙishirwar sojan Faransa na cikin abubuwan da suka yanke wa Bahaushe ƙasar da zai kira tasa.

Amma jan layi daban, tsare shi daban. Ma'aikata kaɗan ne, daji kuwa da faɗi. Mahaifin kakana ya yi ta kora jakunansa zuwa Foga bayan an kafa alamun, bai taɓa riƙe takarda ba. Hasali ma talakawa sun mai da layin abin amfani, domin jama'a da yawa sun ƙauro daga ɓangaren Faransa zuwa Lardin Sakkwato don guje wa haraji mai nauyi da aikin tilas, wanda Faransa ba ta soke ba sai 1946.

Bayan Mulkin Kai

Abin mamaki, sai bayan da Nijar da Nijeriya suka sami mulkin kai a 1960 ne layin ya fara cizo sosai. Kowace sabuwar ƙasa tana son ta san ɗanta, ta kuma san baƙo. Darasi na farko daga Gana ya zo. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fice. Cikin waɗanda suka kwaso kaya har da Hausawan zango, jikokin fataken goron nan, waɗansu ma a can aka haife su. Kakana ya ce ya ga irinsu sun sauka da yaran da ba su taɓa ganin garin ubanninsu ba.

Kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayu 1975 ya kawo fata. A ranar 29 ga Mayu 1979 aka sa hannu a Dakar a kan yarjejeniyar zirga-zirga, wadda ta ce ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar na iya shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana da ingantacciyar takardar tafiya da ta shaidar lafiya. A nan akwai abu biyu da ya kamata kowane matafiyi ya sani. Na farko, yarjejeniyar ba ta ƙayyade sau nawa mutum zai shiga ba, saboda haka yawan hatimi ba laifi ba ne. Na biyu, sashe na 4 ya bar wa kowace ƙasa ikon hana shiga ga duk wanda dokokinta suka ɗauka baƙon da ba a so. Wato an buɗe ƙofa, amma an bar mabuɗi a aljihun mai gadi. A tsakanin waɗannan abubuwa biyu ne na yi zaman bencina.

Ba a daɗe ba aka ga ƙarfin mabuɗin. A watan Janairu na 1980 aka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, aka tsallakar da shi Cadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta tabbatar masa da 'yancinsa. In ana iya yi wa ɗan majalisa haka, ina ga mai jaki? A Janairun 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, wanda garinsu ke kan hanyarmu ta zuwa Sakkwato, ta kori baƙi marasa takardu, fiye da mutum miliyan ɗaya suka fita, akasarinsu 'yan Gana, amma da 'yan Nijar masu yawa. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai Maris na 1986. Rufewar ta zo daidai da fari, har Hausawan Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El-Buhari.

Mu ma na baya mun ga namu. An rufe iyaka a Agustan 2019 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da man fetur. An buɗe ta Illela a Disambar 2020, ta Kamba kuwa sai 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris na 2024. A wannan tsakani aka yi wa gwaggona rasuwa, mahaifina bai sami zuwa ta'aziyya ba sai ta waya, tafiyar da ba ta wuce ta yini guda ba. Daɗin daɗawa, a ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. A lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun mutanensu har sai an ji wata sanarwa. Abin da yake haƙƙi a 1979 ya koma alfarma mai jiran sanarwa.

Me Ya Canja?

In muka auna zamanin biyu za mu ga ba tsayarwa ce sabuwa ba, ba kuma biyan kuɗi ba. Abin da ya canja shi ne ma'aunin amana. Sarkin da ke karɓar garama yana son madugu ya dawo baɗi, domin dawowarsa ita ce arzikin gari. Jami'in zamani kuwa ana yi masa canjin wurin aiki kafin ya san fuskokin mutane, kuma an aiko shi ne ya nemo ɗan fasa-ƙwauri da mai safarar makamai da mai zama ba izini. Duk waɗannan masu yawan zirga-zirga ne. To, da me zai bambanta su da ɗalibi mai gwaggo a Gaya, in ba da takarda ba? Ban ce ya yi mini daidai ba, amma ganin halin rashin tsaro da yankinmu ya shiga, na fahimci abin da yake tsoro. Shi yana tsoron ya bar mugu ya wuce, ni ina tsoron a mai da ni gida. Layin 1898 ne ya gadar mana da tsoron duka biyu.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai masu sha'awar tafiya ita ce, kada a dogara da cewa harshe ɗaya muke yi da mutanen tsallake. A riƙi takardar tafiya mai rai, da katin rigakafi, da katin makaranta, a san suna da unguwar wanda za a sauka wurinsa, domin shi ne fatoman wannan zamani. In an yi tambaya a amsa da gaskiya da ladabi.

Ga ƙungiyarmu kuwa ina da roƙo. Tsofaffin da suka ji labarin Foga da Gwanja daga bakin waɗanda suka taka hanyar da ƙafarsu suna ƙarewa. Ya kamata a lokacin hutu mu shiga Tambuwal da Kebbe da Jega da Kamba mu ɗauki maganarsu, mu rubuta sunayen zangunan da kalmomin fatauci tun ba su ɓace ba. Ni dai na fara da kakana. Da na ce masa ina shirin komawa Gaya, sai ya ce, "Tafi abinka. In sun tambaye ka sau nawa ka zo, ce musu ka tarad da ƙirgan an fara shi tun gaban kakan kakanka." Ban yi alkawarin faɗa wa jami'i haka ba, amma zan tafi, in Allah ya yarda.