Gwangwanin Rasit ɗin Babana da Tarihin Bukuru



Babana yana da wani tsohon gwangwanin madara, irin babban nan, wanda yake ajiyewa a ƙarƙashin kanta. Kwanan baya ya sa ni in nemo masa wata takarda a ciki, sai na zazzage shi gaba ɗaya a kan tabarma. Rasit ne zalla. Na kuɗin rumfa, na shara, na allon shago, na saukar kaya a tasha, wasu sun yi ja saboda tsufa, wasu ma sun girme ni. Na ce masa, "Baba, wai duk kuɗin nan ina suke zuwa?" Ya yi dariya ya ce, "Kai dai biya ka zauna lafiya." To ni amsar ba ta gamsar da ni ba. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma ina son bin diddigin abu, shi ya sa na yi ta tambayar dattawa da karanta abin da hannuna ya kai gare shi. Abin da na gano shi ne, tun ranar da aka kafa garin nan, hannun da ke karɓar haraji daban, hannun da ke kawo aiki da hanya da wuta daban. Bari in bi da mai karatu daga farko.

Kuza ce ta haifi Bukuru, wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, tun kafin Bature ya zo, Hausawa suna narkar da kuza a Liruwen Kano da Liruwen Dalma, suna zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwanni. Irin waɗannan tsinkaye ne mutanen kamfanin Neja suka gani, suka biyo sawu har suka hau tsaunin nan wajen 1903. Ƙasar da suka tarar kuwa tana da masu ita. Inda Bukuru take ƙasar Birom ce ta Gyel, kuma gonakinsu aka farfasa aka haƙa. Ina faɗin haka ne da gangan, domin mu yaran yanzu idan muna ba da labarin garin nan mukan fara daga zuwan kakanninmu, su ma maƙwabtanmu su fara daga nasu kakannin, kowa ya tsallake rabin labari.

Da farko a ka ake ɗaukar kuza, 'yan alaro da jakuna su yi kwana da kwanaki har Loko a bakin Binuwai. Wannan wahala ce ta sa aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya, mai faɗin ƙafa biyu da rabi, tsawon mil 143, wanda ya iso Bukuru a 1914. Nan ne ƙarshen layin. A lura da kyau, jirgin bai tsaya a Jos ba, sai da ya ƙaro kusan kilomita 15 ya zo nan, saboda nan ne tsakiyar filin haƙa. A 1927 babban layi daga Fatakwal ya iso ta Kafancan, sai gawayin Inugu ya riƙa zuwa kai tsaye, kuza kuma ta riƙa sauka teku ba tare da sauyin jirgi ba. Ƙaramin layin na Zariya ya ci gaba da jan jiki har aka rufe shi a 1957. Bayan haka aka ja layin Barno daga Kuru, nan kusa da mu, ya kai Maiduguri a 1964. Wato akwai lokacin da mutum zai tashi daga Bukuru a jirgi ya nufi teku ko ya nufi gabas, ya zaɓa.

Wutar lantarki ma haka. Kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, ya ɗaure ruwa a Kurra yana samar da wuta domin injinan haƙa, ofishinsa kuma a Bukuru. Garuruwa da yawa da suka fi mu girma suna kwana da aci-balbal lokacin da ake kunna ƙwai a nan. A 1939 wasu kamfanoni suka haɗe suka zama ATMN, wanda ya zama uban gidan filin kuza. Shi ke ɗaukar lebura da makaniki da direba da akawu, shi ke gyaran hanyar da motocinsa ke bi, kulob ɗin Yelwa ma na Turawan kuza ne. To ina hukumar gari a cikin duk wannan? Tana nan, sunanta En'e, aikinta karɓar haraji da shari'a da kula da kasuwa. Da aka kafa Lardin Filato a 1926, da kuma aka naɗa Rwang Pam sarkin Birom a 1947, an sauya waɗanda ke riƙe da En'e, amma arzikin garin bai bar hannun kamfani ba.

Kakana ya zo ne daga wani ƙauye a ƙasar Kano jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ya yi sa'a bai zo a cikin yaƙin ba. Da Japan ta kama Malaya, inda Ingila ke samun mafi yawan kuzarta, sai aka juyo kan Filato, daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas. Sanyin tsauni da yunwa da cuta sun kashe da yawa daga cikinsu. A 1943 kuzar da aka haƙa ta haura tan 17,000, ba a sake kai wannan ba. Shi kakana da kwano a ka ya fara, shekara biyu ya gane cewa wanda ke sayar wa lebura gishiri da kananzir da taba ranar biya ya fi leburan kwanciyar hankali. Ya kafa tireda. Daga tiredar nan rumfa ta fito, daga rumfar shagon babana ya fito. Yawancinmu idan muka tona, irin wannan labarin ne a gidajenmu: mahauta, dillalan shanu na Kara, teloli, direbobin gingimari, masu lambu. Duk kuɗin kuza muke bi, ko da ba mu taɓa riƙe shebur ba.

Sai kuza ta fara ja da baya. Wadda ke kusa da sama ta ƙare, haƙa mai zurfi tana cin kuɗi, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sa Turawa suka fara haɗa kayansu. A watan Oktoba na 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Landan, farashi ya faɗi warwas. Abin da aka bar mana shi ne tsibin jar ƙasa da kududdufai masu zurfi, waɗanda kusan kowace unguwa tana da labarin yaron da suka ci. Gaskiya kududdufan sun yi rana ta wani ɓangaren, domin da ruwansu ake noman rani, kabeji da karas da latas da tumatir da ake lodi zuwa Kudu. Amma wannan dabarar talakawa ce, ba wani ofishi ya zauna ya tsara ta ba.

A daidai wannan lokaci ne aka ɗora wa ƙaramar hukuma kayan da kamfani ya sauke. A 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Filato, aka yi gyaran ƙananan hukumomi a duk Nijeriya, En'e ta kau. A 1991 gwamnatin Babangida ta raba Jos gida biyu, Jos ta Arewa da Jos ta Kudu, Bukuru ta zama hedikwatar ta Kudu. A 1996 aka sake yanko Jos ta Gabas. Na samu Kundin Tsarin Mulki na 1999 na karanta jadawali na huɗu, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma, na sha mamaki. Kasuwa tata ce. Tashar mota tata ce. Kwata, bayan gida na jama'a, kwashe shara, titunan cikin gari da magudanan ruwa da fitilun titi, sa wa layi suna da sa wa gida lamba, lasin na keke da amalanke da baro, kula da shaguna da kes-kes, duk nata ne. Har an ce ta riƙa ba hukumar tsare-tsare ta jiha shawara a kan bunƙasa tattalin arzikin yankinta. A taƙaice duk abin da ɗan kasuwa ke taɓawa daga safe zuwa dare. Kuma an zaɓi kansiloli ne domin su zauna su duba kasafin kuɗi, su tambayi ciyaman abin da ya shigo da abin da ya fita.

To amma a takarda ke nan. Kundin nan dai, a sashe na 162, ya ce kason ƙananan hukumomi ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san abin da ke faruwa da kuɗi idan ya kwana a gidan gwamna. Sau da yawa ma ba a yin zaɓe, sai a naɗa kantoma ko kwamitin riƙo, wanda ba ya jin tsoron kowa sai wanda ya naɗa shi. Ga kuma hukumar raya birnin Jos, JMDB, wadda ta jiha ce, ita ke da ta cewa a kan gini da rusau daga Jos har Bukuru. Da aka hana acaɓa a Jos da Bukuru a zamanin Gwamna Jonah Jang, daga sama hukuncin ya zo, samari da dama a unguwarmu suka wayi gari ba sana'a kafin wasu su samu Keke Napep. Motocin Tin City Metro da gwamnatin Caleb Mutfwang ta kawo a 2024 su ma na jiha ne. Ban ce ba su da amfani ba, na shiga kuma na ji sauƙin kuɗin. Ina nuna cewa manyan shawarwari na sufuri da gini ba a sakatariyar da ke kusa da mu ake yanke su ba. Abin da ya rage a hannunta shi ne littafin rasit.

Da kuma wata takarda guda, wadda ta fi littafin rasit nauyi: takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Da ita ake shiga soja da ɗan sanda, da ita ake neman aikin gwamnati da tallafin karatu. Lokacin da kamfani ke ɗaukar dubban mutane, ba wanda ya damu da ita, helima ƙarfinka yake dubawa. Da aikin kamfani ya mutu, aikin gwamnati ya zama shi ne aiki, sai takardar ta zama abin faɗa. Mu da aka haifi iyayenmu a nan ana ce mana baƙi, idan muka je garin kakanni kuma a ce ba a san mu ba. Su kuma Birom suna ganin an cinye musu gonaki da haƙa, ba za su yarda a cinye musu kujera ba. Duba tarihin rikicin Jos ka gani: na Afrilun 1994 a kan naɗa Aminu Mato shugaban riƙo na Jos ta Arewa ya tashi, na Nuwamban 2008 kuma a kan zaɓen ciyaman na wannan ƙaramar hukuma. Ofishin da ba ya iya gyara kwalbati, a kansa aka zubar da jinin ɗaruruwan mutane.

Mu namu ya same mu a watan Janairun 2010. Ina ɗan firamare lokacin. Abin da na fi tunawa shi ne hayaƙi, da yadda mahaifiyata ta tura mu ƙarƙashin gado. Kasuwar Bukuru ta ƙone, shagon babana yana ciki, a Kuru Karama kuma aka yi kisan da har yau dattawa ba sa son a tayar da maganarsa. A watan Maris aka yi na Dogo Nahawa, can ma mata da yara ne suka fi mutuwa. Gwangwanin nan ya tsira ne kawai don a gida yake kwana a lokacin. Daga nan gari ya rabu, ciniki ma ya rabu. Wasu suka koma Kugiya, wasu suka baje a bakin titi, matan Gyel da suka shekara ashirin suna sayen omo da magi a wurin babana suka daina zuwa, ba don sun yi faɗa da shi ba, sai don hanyar ta zama abin tsoro. Wasu sun dawo daga baya, alhamdu lillahi, amma ba duka ba.

Duk mai son ya san wahalar sake gina kasuwa a ƙasar nan ya dubi Taminus. Babbar kasuwar Jos ta ƙone a watan Fabrairun 2002, aka shafe sama da shekara 20 ana kallon kangonta. A 2022 gwamnatin Simon Lalong ta kawo shirin gina ta tare da bankin Jaiz, surutu ya tashi a kan wa zai mallaki shaguna, shirin ya mutu ba a aza bulo ba. Siminti da rodi ba su ne matsalar ba. Tun kafin a zana taswira kowa yana lissafin rumfa nawa ɓangarensa zai samu, kuma ba wata majalisa da ɓangarorin biyu suka yarda da ita da za ta zauna ta raba.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantoma. A watan Oktoba na shekarar aka yi zaɓe a ƙananan hukumomi 17 na Filato. Ni ban ɗauki hukuncin kotu a matsayin magani ba, domin kuɗi yana iya ɓacewa a sakatariya kamar yadda yake ɓacewa a gidan gwamnati. Sai dai a nan laifinmu ma yana fitowa. Na tambayi 'yan kasuwa goma sha biyu a layinmu sunan kansilan mazaɓarsu, uku ne suka sani. Ba ko ɗaya da ya taɓa zuwa zaman majalisar kansiloli. Muna da ƙungiyar mahauta, da ta 'yan gwari, da ta direbobi, kowacce tana tara kuɗi idan an kama ɗanta, amma ban taɓa jin sun haɗu sun rubuta takarda suna tambayar nawa aka tara a kasuwa da tasha a shekara, nawa aka kashe a kan lambatu da shara ba. Wannan tambaya ba ta buƙatar takardar ɗan asali. Mai sayar da dankali daga Vom da mai sayar da shinkafa ɗan Hausawa rasit iri ɗaya ake yanka musu, ruwa ɗaya ne kuma ke shiga rumfunansu idan damina ta sauka.

Na gaya wa babana cewa ni da abokaina biyu, ɗaya ɗan Gyel ne da muka yi sakandare tare, za mu je mu nemi kwafin kasafin kuɗin bana, mu kuma tambayi ranar da kansiloli ke zama. Ya yi shiru yana mayar da rasit ɗinsa cikin gwangwani ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin a ƙasa. Da ya gama ya danna murfin, ya turo mini shi ya ce in tafi da shi, ko za a tambaye ni ko ni wane ne.