Kan Ɗan Makaho a Kasuwar Sakkwato

A watan Maris na 1906 aka fito da Shu'aibu Ɗan Makaho tsakiyar kasuwar Sakkwato, aka fille masa kai, aka kafe kan a bisa sanda don kowa ya gani. Makaho ne, malamin da ya tsero daga yankin Dosso bayan Faransawa sun murƙushe boren da ya tayar, ya sami mafaka a Satiru, wani ƙauye kudu da Sakkwato.

Mutanen Satiru talakawa ne, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu, suna jiran bayyanar Mahadi. Ran 14 ga Fabrairu suka tari sojojin Turawan Ingila da gatura da fartanya, suka kashe Turawa 3 da sojoji sama da 20. Gwamna Lugga ya turo runduna daga Zungeru. Ran 10 ga Maris aka yi wa garin ruwan harsashi, aka kashe mutum wajen 2,000, aka kwashe mata da yara, aka ƙone gidaje. Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ya tsine wa duk wanda ya sake gini ko noma a wurin.

To, bayan wannan ɓarna, me kuma ake nema da kan makaho guda? Ai ba shi ake yi wa magana ba, 'yan kasuwa ake yi wa. Fatake za su kwashi labarin zuwa Kano da Katsina, har nan Zazzau, inda ba a daɗe da tuɓe Sarki Kwasau ba. Turawan Ingila sun san wannan aiki tun a gida: a 1305 suka kashe William Wallace, jagoran Sikotlan, suka kafa kansa a gadar Landan, suka rarraba gaɓoɓinsa a garuruwa 4.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hannun da aka ara. Turawa ba su yanke hukuncin da kansu ba, kotun Sarkin Musulmi aka bai wa shari'ar. Talaka ya tsaya a kasuwa ya ga cewa sarakunansa da Nasara sun zama bakinsu ɗaya a kansa, ƙasa da shekara 3 bayan Sarkin Musulmi Attahiru na Farko ya faɗi a Burmi yana yaƙar waɗannan Turawan.