Ɓarakar Tsaro a Manhajojin Buɗe Takardu: Nazarin Hare-hare Uku

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda masu kutse ke bi ta manhajojin buɗe takardu su ƙwace ragamar na'ura. An gano cewa tushen matsalar shi ne tsofaffin sassan da manhajojin suka gada, waɗanda sukan fara aiki tun mai na'ura bai nema ba.

Fitilun Kalmomi: PDF, JBIG2, ɓaraka, kutse

1.0 Gabatarwa

Kamfanin Adobe ya fito da tsarin PDF a 1993. Fayil ɗaya kan ƙunshi rubutu, hotuna, salon haruffa, fom, har da umarnin JavaScript, kuma kowanne da sashen da ke fassara shi. Galibin sassan da harsunan C da C++ aka rubuta su, waɗanda ba sa hana manhaja ƙetare gurbin da aka ware mata a ƙwaƙwalwar na'ura. A 2019 Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na ɓarakokin da yake toshewa duk shekara daga nan suke.

2.0 Dabarun Bincike

An zaɓi ɓarakoki uku da aka tabbatar an kai hari da su, aka kwatanta su ta fuskar tushe da kuma rawar da mai na'ura ya taka.

3.0 Nazari

3.1 Adobe Reader, 2009

Ɓarakar CVE-2009-0658 ta bayyana a sashen da ke warware JBIG2, wato tsarin matse hotunan baƙi da fari. Masani Didier Stevens ya nuna cewa ba sai an buɗe fayil ba: a lokacin Windows kan kira sashen da kansa don nuna ɗan hoton takardar, wannan kaɗai ya isa.

3.2 Equation Editor, 2017

Wannan sashe na rubuta alamomin lissafi a Microsoft Office tun 2000 aka haɗa shi, ya shekara 17 babu kariyar zamani. Bayan gano ɓarakar CVE-2017-11882 an yi masa gyara a Nuwamba 2017, sannan aka cire shi ɗungurungum a Janairu 2018. Duk da haka an ci gaba da cin galabar kwamfutocin da ba a sabunta ba.

3.3 FORCEDENTRY, 2021

Cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta gano wannan hari a wayar wani ɗan gwagwarmaya ɗan Saudiyya, ta kuma danganta shi da manhajar leƙen asiri ta Pegasus, mallakar kamfanin NSO na Isra'ila. Ana turo fayil ta iMessage da sunan hoton GIF, alhali PDF ne. Wayar kan karanta shi da kanta, lissafin sashen JBIG2 ya zarce iyakarsa, ƙofa ta buɗe. Masanan Project Zero na Google sun nuna cewa maharan sun jera umarni sama da 70,000 na JBIG2, suka gina wata ƙaramar kwamfuta a cikin hoton. Kamfanin Apple, mai iMessage, ya toshe ɓarakar ranar 13 ga Satumba 2021.

4.0 Sakamakon Bincike

Na farko, duka ukun sun faru a sassan da mai na'ura bai ma san da su ba. Na biyu, tsarin JBIG2 ya zama mashiga sau biyu, shekara 12 tsakani, a kamfanoni daban-daban. Na uku, a biyu daga ciki ba a buƙaci mutum ya buɗe fayil ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan masu ginin ne suka bar tsagar.

5.0 Kammalawa

Gargaɗin kada a buɗe saƙon baƙo yana da amfani, amma bai wadatar ba, kuma rashin adalci ne a ɗora wa mai waya laifin abin da bai taɓa ba. Wajibi ne kamfanoni su cire sassan da aka daina buƙata, su killace sauran, su sake rubuta su da harsuna masu tsare ƙwaƙwalwa irin su Rust. Ma'aikatu kuwa su kashe JavaScript a manhajojin PDF, su riƙa sabunta na'urorinsu da zarar gyara ya fito.