Daga Zariya Zuwa Hasumiya

Duk wanda ya taɓa riƙe makirfo a hasumiyar filin jirgin Kano ko ta Legas yana ba jirage hanya, da wuya a ce bai bi ta Zariya ba. A 1964 aka kafa makarantar horar da ma'aikatan jiragen sama a can, da haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar ICAO; ita ce yau ake kira NCAT. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa Yamai suke zuwa, makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA.

Mu da muka yi karatu tun rada ba ta wadata ba, da ka aka koya mana aikin. Malami zai zauna a wani ɗaki yana kwaikwayon muryar matuƙa. Kai kuma ba komai gabanka sai agogo da 'yan siraran takardu da muke kira sitirif, kowace ɗauke da sunan jirgi da tsayinsa da lokacin da zai ratsa wuri kaza. In jirage biyu na kan hanya ɗaya a tsayi ɗaya, ka bar minti 10 tsakaninsu, ko ka raba tsayinsu. Sai malam ya ga hankalinka ya kwanta, sannan ya jefo maka jirgin da injinsa ya mutu yana neman sauka. A nan ake sanin wanda zai iya. Na ga masu kaifin lissafi da harshensu ya sarƙe a wannan kujerar, kuma ba laifinsu ba ne, aikin ne ba ya jira.

Takardar Zariya ba lasisi ba ce. Ƙa'idar ICAO ita ce sai ka kai shekara 21, likita ya tabbatar da lafiyar idonka da kunnenka, ka yi aƙalla wata 3 kana ba jiragen gaske hanya, wani gogagge na zaune kusa da kai. Kowace kujera kuma da nata izini da sa'o'in horo: hasumiya sa'a 90, kujerar jirage masu kusantowa ko ta masu ratsa sararin sama sa'a 180. Dokokin 1999 suka raba NAMA mai ɗaukarmu aiki da NCAA mai ba da lasisi, kuma wannan gyara ne na gaske, don mai neman cike gurbi bai kamata ya zama alƙalin cancanta ba.

Turanci ma ya zama jarrabawa. Karon da jirage biyu suka yi kusa da Delhi a 1996, inda mutum 349 suka rasu, yana cikin abin da ya sa ICAO ta wajabta kai mataki na 4 cikin 6 na iya Turanci daga 2008.

Yanzu masu digiri ake ɗauka, kuma tun 2010 da aka ƙaddamar da shirin rada na ƙasa, yaro yana ganin jirginsa a allo. Na yi murna da haka ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne kada a rage wa darasin sitirif sa'o'i don a yaye ɗalibai da wuri. Allo yana ɗaukewa, kuma ranar da ya ɗauke da jirage goma a sama, wanda ke kujerar dole ya san inda kowannensu yake kafin matuƙi na farko ya kira shi.